Ranar da Kaporal Illo Ya Jefa Motopom a Rijiya

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin jinya, akwai wata Laraba da ta ƙi fita raina, ranar da aka kawo mini Kaporal Illo ɗaure da igiya a kan amalanken jaki. Ku da kuka kama aiki bana kun ce in ba ku labarin abin da ya fi tsaya mini. To ga shi, ko da yake ba labarin da zai sa ku yaba mini ba ne.

Lokacin ina majo a gidan likitan wani gari cikin ƙasar Buza, ta wajen Deule. Ga wanda bai san tsarinmu ba, majo shi ne babban ma'aikacin jinya da ke riƙe da gidan likitan karkara. Babu dokta a wurin. Kai ke duba marar lafiya, kai ke rubuta magani, in abu ya fi ƙarfinka kai ke sa hannu a takardar turawa zuwa asibitin gunduma. Doktarmu tana Buza, mace ce mai kaifin baki da sanin aiki, sai ta waya muke samun ta.

Illo ɗan garin ne. Ya shiga soja yana saurayi, ya kai kaporal, wato mai igiya biyu, daga baya ya dawo gida. Ni da na zo garin na tarar da shi ya riga ya dawo, kuma ban taɓa tambayar dalili ba. Kafin wannan Larabar sau uku yana zuwa wurina. Duk zuwan abu guda yake faɗi: kansa ke ciwo. Ba ya zama a benci kamar sauran mutane. Sai ya yi ta kai da komo a baranda, ya leƙo, ya koma, ya je gindin itacen bedi, ya dawo. In layi ya zo kansa ya shigo ya tsaya bakin ƙofa, idanu jawur, hula ta sauko har gira.

A shekarun nan tramol ta cika garuruwanmu. Samari masu kabu-kabu da masu aikin garka suna sha don kada su ji gajiya, kuma na ga da yawa sun zo da ƙaryar ciwo don a rubuta masu ƙwaya. Ina ganin Illo na yanke hukunci a raina. Na auna jininsa, daidai. Na yi masa gwajin zazzaɓin sauro, babu. Na rubuta "ciwon kai" a rajista, na ba shi parasetamol. Zuwa na biyu haka. Zuwa na uku ya ce, "Majo, wanga ba ya yi mini komi. Babu wanda ya fi shi ƙarfi?"

Na ɗago na ce, "Kaporal, nan gidan likita ne, ba kasuwa ba. Abin da kake nema ka san inda ake saida shi."

Ya dube ni, ya juya ya fita. Ban ji komi a raina ba. Na kira na gaba.

Bayan kamar wata biyu, lokacin albasa ta fara ƙwai a fadama kuma zafi ya fara shigowa, Larabar ta zo. Ranar awon ciki ce, baranda cike da mata. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na ji hayaniya a bakin shinge. Na fito na ga amalanke, mutane sun kai goma suna biye. Illo na kwance a kai, an ɗaure hannuwansa ta baya, an ɗaure ƙafafu, rigarsa jiƙe da laka. Mai jan jakin wansa ne, Mahamadu, babban manomin albasa, mutum mai faɗa a ji a garin. Can baya matar Illo, Rakiya, ta rufe baki da gefen mayafi.

Mahamadu bai ko gama sallama ba ya ce, "Majo, allura muke so. Wadda za ta sa shi barci."

Na ce, "Mi ya faru?"

"Ya haukace. Na ba shi aikin ban ruwa a garkata don ya samu abin yi. Yau da hantsi, a gaban mutane, ya cicciɓi motopom, injin ban ruwan, tana cikin aiki ya jefa ta rijiya. Mutum huɗu suka kama shi. Akwai wani mai magani a duwatsun wajen Kaita, can za mu kai shi. Hanya da nisa, shi ya sa muke son ya yi barci."

Na san irin wuraren nan. Na taɓa ganin wanda ya dawo daga ɗaya, sawun mari ya ci masa idon sawu har ƙashi. Amma gaskiyar magana, a wannan lokacin tunanin allurar nake yi. Ina da ita a kabad. Baranda cike da mata masu ciki, ga mutum da aka ce huɗu suka kama shi da ƙyar. In na yi masa, kowa ya huta, ni ma na koma aikina.

Na matsa kusa don in duba numfashinsa. Hularsa ta faɗi a kokawa, ranar na fara ganin kansa a buɗe. Tabo ne tun daga saman kunnen hagu, ya lanƙwasa ya hau har tsakiyar kai, sawun ɗinki a jere, gashi bai tsiro a kai ba. Na sa yatsa. A ƙarƙashin tabon ƙashin ya ɗan lotsa. Sau uku mutumin nan ya tsaya a gabana yana cewa kansa, ban taɓa cewa ya cire hula ba.

Na shiga ofis na kira dokta. Na zayyana mata yadda abin yake, na ce dangi suna neman allurar barci.

Ta ce, "Shi marar lafiyar mi ya ce?"

Na ce ban yi magana da shi ba tukuna.

"Yana faɗa yanzu? Yana zage-zage? Ya san inda yake?"

Na ce yana kwance shiru.

Ta ce, "Majo, mutum da tabon aikin kai, kwance shiru, kana tambayata allurar barci? Je ka kwance shi ka ji ta bakinsa. In ka gama ka sake kirana."

Na fito na ce a kwance igiya. Mahamadu ya ce sam. Ya ce in ya raunata wani, a wuyana. Na ce na ɗauka. Ban faɗi haka don ƙarfin hali ba, ni ma a tsorace nake. Na sa matan suka koma ɗakin ungozoma, na durƙusa kusa da kan Illo na ce, "Kaporal, zan kwance ka. Ka yi mini alkawari ba za ka taɓa kowa ba."

Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Ban taɓa kowa ba, Majo. Su suka taɓa ni."

Da igiya ta sauka ya tashi zaune yana murza wuyan hannu. Na ce mu shiga ciki. Ya shiga, ya zauna a kujera, bai kai minti guda ba ya miƙe. Ya ce ba zai iya ba. Firijin allurar rigakafi na gurnani a kusurwa, kwanon rufi na ƙara don zafi, jariri na kuka a ɗakin kusa. Ni na daɗe da daina jin waɗannan. Shi kuwa ya dafe kunnen hagu ya ce kowane ɗaya kamar a cikin ƙwaƙwalwarsa ake yin sa.

Na ce, "To ina ka fi jin daɗi?"

Ya ce, "In ina tafiya."

Na ajiye biro na bi shi. Muka fita ta ƙofar baya, muka bi gefen shinge, muka miƙe wajen gonakin da aka girbe. Tafiya yake da sauri, kai a sunkuye don hasken rana, ni ina binsa da farar riga ina haki. A haka na yi tambayoyin da ya kamata in yi tun zuwansa na farko.

Ya ce suna cikin mota ne a bakin aiki, can nesa da gida, suka taka nakiya. Ba ya tuna ƙarar. Abin da ya sani, ya farka a asibitin soja, aka ce ya yi kwana tara bai san inda yake ba, an buɗe kansa an cire gudan jini da ɓaraguzan ƙarfe. Biyu daga abokansa ba su tashi ba. Da ya warke ya iya tafiya da magana, aka yi masa abin da sojoji ke kira reforme, wato sallama saboda jiki ba zai ƙara ɗaukar aikin ba. Kowa ya ce ya yi sa'a. Ya dawo gida aka yi sadaka.

"Ciwon kuwa tun ranar da na farka bai tafi ba," in ji shi. "Shekara uku. Shina nan bayan idon hagu kamar an kafa ƙusa mai zafi. Wata rana shi kwanta, wata rana shi tashi. In ya tashi, ko tafin da ɗiyata ke yi ba ni iya ji. Rakiya ta bar daka a gida, sai ta kai turmi gidan ƙanwarta can bakin gari. Masallacin da ke da lasifika na bar zuwa. Mutane na cewa na bar salla."

Na tambaye shi magungunan da yake sha. Ya ce duk abin da ya samu wurin masu talla a kasuwa, fari, ja, mai ruwan ɗorawa, wata rana takwas, wata rana goma. Na ce tramol fa? Ya ce e, ya sha, wata huɗu, bayan ranar da na kore shi ma ya ƙara. Ya ce tana rage masa na ɗan lokaci, in ta sake shi ciwon ya dawo da ƙarfi biyu.

Kun gani, zaton da na yi ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Amma na ga ƙwayar na tsaya nan, ban nemi abin da ya kai shi gare ta ba.

Muka iso bakin kori, inda ruwa ya zaizaye ƙasa. Nan ya tsaya, karo na farko tun fitowarmu. Na ce, "To motopom fa? Mi ta yi maka?"

Ya ce ya roƙi wansa ya ba shi wani aiki, ko cire ciyawa, ko dashe. Wan ya ce soja guda ya ji tsoron inji? Ya daure sati uku. Yau tun da aka tada ta ciwon ya tashi irin wanda bai taɓa ji ba, har ya yi amai a bayan shingen garka. Ya dawo ya tsaya bakin rijiya.

"Majo, ba don motopom na je bakin rijiyar ba. Ni na so in faɗa. Na tsaya ina kallon ruwa, tana ta ƙara a gefena. Ban san yadda aka yi ba, sai na ga ita na ɗauka na jefa. Da ta nutse wuri ya yi tsit. Wallahi shekara uku ban ji daɗi irin na wannan ɗan lokacin ba. Sai suka hau ni."

A makaranta an koya mana cewa in mutum ya faɗi irin wannan, kada ka kauce, ka tambaye shi kai tsaye. Na tambaye shi ko yau ne farko. Ya ce a'a, tunanin ya daɗe yana zo masa. Na tambaye shi ko yana da makami a gida. Ya ce babu. Na ce yanzu da muke tsaye fa? Ya ce yanzu ya gaji ne kawai.

Na ce masa, "Kaporal, na yi maka laifi. Ka zo wurina sau uku ban duba ka ba. Ciwonka na gaskiya ne, yana da suna, likitoci sun san shi, yana bin waɗanda suka samu rauni a ƙwaƙwalwa. Ba hauka ba ne, ba iskoki ba ne. Ban ce zan raba ka da shi ba, don ban sani ba. Amma yau ba za ka kwana a mari ba, kuma ba zan bar ka kai kaɗai da shi ba."

Ya sa tafin hannu ya share fuska, muka juyo.

A hanya na ce masa dole wani cikin danginsa ya san maganar rijiya, don a kula da shi. Ya zaɓa, ko ni in faɗa ko shi. Ya ce shi zai faɗa. Muka tarar da Mahamadu zaune a kan amalanke yana kaɗa ƙafa. Na ja su biyu da Rakiya zuwa gindin bedi, nesa da jama'a. Illo ya faɗi abin da ya faɗa mini, a taƙaice, ido a ƙasa. Rakiya ta zauna daɓas. Mahamadu ya dubi ƙanensa. Can ya ce, "Illo, don mi ba ka gaya mini ba?"

Illo ya ce, "Na gaya maka, Yaya. Ka ce in daure."

Mahamadu ya juya mana baya. Da ya juyo, ni ya duba. Ya ce, "Majo, mi za a yi?"

Na sake kiran dokta. Wannan karon ina da abin faɗi. Ta ce a kawo shi yau, kada a jira gobe, kuma kada a bar shi shi kaɗai ko na ɗan lokaci. Na cika takardar turawa, wadda ake rubuta tarihin ciwo da abin da aka gani da abin da aka yi. Tunda nake ban taɓa cika wadda ta kai ta tsawo ba, har na juya bayanta. Ambilans ta iso bayan la'asar. Na roƙi direba kada ya kunna jiniya ko rediyo. Mahamadu ya aika a mai da jaki gida, ya shiga ya zauna kusa da ƙanensa.

Daga Buza aka wuce da shi Tawa, aka ɗauki hoton kansa. Babu sabon abu, tsohon rauni ne kawai. Ya ga likitan da ke kula da damuwa da firgici. Bayan kwana goma sha biyu ya dawo da takardar amsa, wadda asibiti ke maido wa majo don ya ci gaba da kulawa. Umarnin a fili yake. A daina duk ƙwayoyin kasuwa, don yawan shan maganin ciwon kai kullum shi kansa yana haddasa ciwon kai. A ba shi wata ƴar ƙwaya guda da maraice, mai kwantar da jijiyoyi a hankali. Kada a ba shi da yawa a hannu: bakwai-bakwai, duk sati, kuma a hannun matarsa.

Satuttukan farko sun fi komi wuya. Da aka janye ƙwayoyin ciwon ya ƙaru, kamar yadda dokta ta gargaɗe mu. Rakiya ta zo mini ranar wata Asabar da rana tsaka, ba takalmi, ta ce, "Majo, ku ba shi ko guda. Tun jiya shina zagaya gida, ya ƙi ci, ya ƙi zama." Na hau moto, wato babur, na je. Na same shi yana kewaya rumbu, ya ɗaure kai da ɗankwalinta. Ya ce in ba shi ko in tafi. Ban ba shi ba, ban kuma tafi ba. Na shiga bayansa muka yi ta kewaya rumbun har aka kira la'asar. A raina ina ta shakka ko daidai muke yi. Da na koma na kira dokta, ta ce mu riƙe, zai sauka.

Ya sauka, amma a hankali ƙwarai. Na ce wa Rakiya ta riƙa zana layi da gawayi a bangon ɗaki duk ranar da ciwon ya kwantar da shi. Wata na farko bangon ya kusa cika. Wata na huɗu layukan ba su kai rabi ba. Duk sati yana zuwa karɓar magani tare da ita, mu fita mu yi tafiyarmu ta bayan shinge, ya gaya mini yadda satin ya kasance. Mahamadu ya cire shi daga garka. Akwai wata tsohuwar gonarsu a kan tudu da ruwa ya wanke, ya bar masa ita. Illo ya shiga jera duwatsu a kwance don tare ruwa, irin yadda mutanen Kaita ke yi, shi kaɗai, ba inji, ba hayaniya. Damina ta biyu ya samu dawa a wurin.

Kada ku ɗauka ya warke. Har na bar garin ciwon na nan. Watan da za a yi mini canjin wurin aiki zuwa Madawa, ya zo wata rana ba ranarsa ba, ido ɗaya a rufe. Ya ce, "Yau ya tashi, Majo." Na duba shi tsaf, na haska idanunsa, na gwada ƙarfin hannuwansa, na tambaye shi tunanin nan na faɗawa rijiya. Ya ce bai zo masa ba. Babu abin da zan ƙara masa, na gaya masa haka. Ya ce ya sani, ya zo ne dai kada ya zauna da shi shi kaɗai. Muka taka har bakin gonaki muka dawo, ya yi mini sallama ya tafi. Kafin in tashi na zaunar da majon da ya gaje ni, na ba shi labarin tun daga farko, har da abin da na faɗa wa Illo a zuwansa na uku.

Abin da na koya ke nan. An horar da mu a kan ciwon da ke da ƙarshe: zazzaɓi, gudawa, haihuwa, ka yi magani ka rufe shafi. Saboda haka in mutum ya dawo sau uku da kuka guda, mun fi saurin zarginsa a kan mu zargi dubawarmu. Yanzu kuma irin su Illo suna ƙaruwa a garuruwanmu. Suna dawowa da ƙafa biyu da hannu biyu, dangi su yi murna, a zaci an gama. Ba za su ce maku sun taka nakiya ba, ba a saba masu da kai kuka ba. Za su ce kai ke ciwo, su tsaya bakin ƙofa.

In irin wannan ya zo maku, ku tashi daga kujera. Ku sa hannu a inda ya ce yana ciwo, ku tambaye shi abin da ya same shi, ku jira amsa ko da layi ya kai bakin shinge. Wata rana ba za ku samu maganin da za ku ba shi ba. Ku faɗa masa gaskiya, sannan ku ce ya dawo sati mai zuwa, kuma in ya dawo ya tarar kun san sunansa.